Hoton Kwatangwalon Monty

Noreen Tolhurst ba ta taɓa sayen kare ba sai da ta kusa shekara hamsin a duniya. Ba ta da dalilin saye. A cikin karnuka ta buɗe ido, a gonar shanun madara ta mahaifinta Frank Gleeson, can bayan garin Terang ta hanyar Mortlake. Frank yana tatsar shanu ne don a ci abinci, amma zuciyarsa tana wajen baƙaƙen karnukansa jinsin Labrado, waɗanda yake shiga tafki da su duk watan Maris idan an buɗe farautar agwagi. Shi ya harbo, su su faɗa ruwa su ɗauko masa, komai sanyinsa. Duk faɗin yankin idan aka ce wannan karen Gleeson ne, to an gama magana.

Frank bai yarda da takarda ba a sha'anin kare. Idan zai zaɓi wanda zai bari don iri, sai ya sauke murfin bayan a-kori-kurarsa ya yi fito. Wanda ya yi tsalle ɗaya ya haye bai tsaya shawara ba, shi ne kare. Yakan ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, Noreen kuwa ta ɗauki wannan magana tamkar karatun coci. Yayyenta maza biyu suka tafi birni ba su sake waiwayar shanu ba, ita ta zauna. Da ta auri Stan Tolhurst, mai gyaran injinan tatsa, shi ne ya tare a gonar, kuma har ya tsufa yana faɗa wa mutane cewa mace ɗaya ya nema aka haɗa masa da karnuka tara. Frank ya rasu a 1979, ya bar mata gona da shanu da sunan da ya yi wa karnukansa.

A hannunta sunan ya ƙara nisa, saboda Monty. Jikan karen da Frank ya yi farautarsa ta ƙarshe da shi ne, baƙi wuluk, mai faɗin kai da kaurin wutsiya, gashinsa yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Sau uku a jere yana cin kofi a bajekolin noma na shekara. Mutane suna kawo karyoyinsu barbara daga Colac da Hamilton, har daga tsallaken iyaka. Noreen ba mai yawan fara'a ba ce, doguwa ce mai taurin hannu, ba ta iya zaman hira ba, amma idan aka taɓo zancen Monty sai shayinta ya huce a kofi ba ta sani ba.

A damunar 1993 ne maƙwabcinsu Merv Quinlan ya kawo mata maganar da ta canja mata rayuwa, shi kuwa bai san ya kawo ba. Merv tsohon mai askin tumaki ne, ya haura saba'in, matarsa ta rasu bara waccan. Da Noreen ta ga ya fara zama a mota a ƙofar gida ba ya son shiga, sai ta ɗauki ɗan kwikwiyo ɗaya daga cikin 'ya'yan Monty ta ajiye masa a kujerar gaba, ta ce ba ta da wurin ajiye shi. Merv ya sa masa suna Nugget. Tare suke karin kumallo, gasasshen burodi da man shanu, yanka ɗaya nasa yanka ɗaya na kare. To, ran nan sai ya tsaya a bakin shingen gonar ya ce mata Nugget ya fara wani irin gudu, yana haɗa ƙafafun baya yana tsalle kamar zomo, da safe kuma sai ya yi ta fama kafin ya miƙe. Watansa goma sha huɗu kacal. Noreen ta ce ƙiba ce, a rage masa burodi. Merv ya ce shi ma haka ya zata, amma dai ya kai shi wajen sabuwar likitar dabbobi, ta ɗauki hoton ƙashinsa, kuma ta ce tana son ganin Noreen.

Likitar, Judith Penhale, ba ta kai talatin ba, shekararta ɗaya da zuwa garin. Ta maƙala hoton a jikin allo mai haske ta nuna wa Noreen da bakin biro. Ta ce kan ƙashin cinya mulmulalle ne, ya kamata ya zauna daram cikin gurbinsa a kwatangwalo kamar ƙwai a cikin ƙoƙo. Na Nugget kuwa gurbin ba zurfi, ya baje kamar faranti, ƙashin yana ta zamewa yana gugar baki. Ta ce abin yana bin jini, ko da yake ƙiba da yawan tsalle tun kare yana ƙarami suna ƙara masa.

"Misis Tolhurst, ina so ki kawo mini uban da uwar in ɗauke su," in ji ta.

Noreen ta dube ta sama da ƙasa. "'Yar nan, tun ba a haife ki ba karnukan gidanmu suke ɗauko agwagi a ruwan da ke ko yatsa ba za ki sa ba. Monty shekararsa shida, bai taɓa ɗingishi ba ko na minti ɗaya."

Judith ta ce ta yarda, ta gan shi da idonta a bajekoli, kuma kare ne na gani na faɗa. Amma akwai karnukan da tsokar cinyarsu ke riƙe ƙashi ta rufa masa asiri shekara da shekaru, 'ya'yansu ne ke tona shi. Noreen ta ɗauki jakarta ta fita, ko sallama ba ta yi ba.

Sati biyu tana cika tana batsewa. A wajen tatsa ta ce likitocin yanzu inji ya lalata su, a kicin ta ce yarinyar neman suna take yi. Stan yana jin ta, sau ɗaya ya sa baki, ya ce idan dai Monty lafiyarsa lau, ai hoton ne zai rufe wa likita baki, gani ya kori ji. Ta ce masa ya je ya duba injinsa.

Abin da ya karya ta, a gaban shagon mahauci ta gan shi. Merv ya fito da ƙunshin nama, Nugget ya zo bayan mota ya ɗora ƙafafun gaba ya tsaya yana kallonsa. Tsohon ya ajiye ƙunshin, ya durƙusa da bayan nan nasa da askin tumaki ya gama cinyewa, ya rungumo ƙugun karen ya cicciɓa shi. Sai da ya yi yunƙuri biyu. Da ya ɗago ya gan ta, sai ya yi murmushi ya ce, "Kada ki sa wa ranki komai, Nor. Ba laifinki ba ne. Ni dai ya fi mini kowane kare." Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi. Tana komawa gida ta buga wa asibitin waya.

Aka ce kada a ba Monty abinci kafin a kawo shi. Da safe ya bi ta da ido har mota yana mamakin wannan rashin adalci. Ta riƙe kansa a cinyarta aka yi masa allurar barci, tana ji jikinsa ya saki. Suka kwantar da shi rigingine a cikin wani abu mai kama da kwami, Judith ta miƙar da ƙafafun baya ta daidaita su, ta ɗan murɗa gwiwoyin ciki, aka ajiye lambarsa a gefe don ta fito a hoton. Noreen ba ta taɓa ganin Monty a irin wannan hali ba, ciki a sama, harshe a waje, kamar ba shi ne mai kofi uku ba. Aka ce ta fita kafin a kunna injin.

Da hoton ya fito ba ta buƙaci bakin biro ba. Ta riga ta ga na Nugget, ga shi nan kuma a jikin ubansa, har da wani tsiro da ƙashin ya yi a bakin gurbin saboda daɗewar guga. Judith ta yi mata bayani a hankali. Ta ce ba ita ce mai ba da maki ba, ƙwararru ne a birni. Suna duba wuri tara a kowane ɓangare, duk inda suka ga aibi su sa maki, saboda haka mai ƙaramin maki shi ne mai lafiya. Ɓangare ɗaya yana iya kai hamsin da uku, biyun ɗari da shida. Sau ɗaya ake yi wa kare a rayuwarsa, abin da aka rubuta kuma ya zauna ke nan.

"Kare naki ne, hoto naki ne," in ji Judith. "Sai kin sa hannu zan aika."

Noreen ta ce a ba ta kwana biyu.

A Terang ba a ɓoye magana. Washegari da hantsi sai ga motar Beryl Staunton a ƙofar gida. Beryl ita ce sakatariyar ƙungiyar masu kiwon Labrado ta yankin, gajeriya mai kwalliya, tun suna makarantar firamare take gasa da Noreen a kan komai, daga rubutu har kek ɗin bajekoli. Sau uku tana kawo karyoyinta wajen Monty, 'ya'yan kuma duk ta sayar da su da sunansa. Ta zauna a kicin ta zuba wa kanta shayi, ta ce ta ji an kai sarki asibiti.

"Ki saurare ni, Noreen Gleeson," ta ce, don idan ranta ya ɓaci da sunan gidan uba take kiranta. "Hoton da ba a aika ba ba shi da maki. Ki karɓo abinki ki sa a ƙasan akwati. Kina tsammani manyan masu kiwo na birni duk hoton da suka ɗauka suke aikawa? Mai kyau ake aikawa, sauran a yi shiru."

"Merv fa?"

"Kare ɗaya a cikin nawa? Ai ko a gidan mutane ana haifar gurgu. Ke idan ba ki ji tausayin kanki ba, ki ji na mahaifinki. Sunan da ya shekara arba'in yana ginawa za ki rushe da sa hannu ɗaya, ki haɗa da ni a ciki."

Noreen ta ce za ta yi tunani, kuma da gaske ta yi. Maganar mahaifinta ta taɓa ta, domin Monty shi ne abin da ya rage mata na Frank da yake numfashi. Amma da ta juya abin a ranta wajen tatsar yamma, sai ta ga Frank bai taɓa ɓoye aibin kare ba. Abin da idonsa ya gani shi yake faɗa, har ya taɓa bin wani mutum Camperdown ya karɓo kwikwiyon da ya gane ba ya ji da kunne ɗaya. Iyakar ganinsa ke nan, fata da tsoka. Ita kuwa an nuna mata ƙashi, ba ta da yadda za ta ce ba ta gani ba. Da gari ya waye ta je ta sa hannu, ta kuma ce a sa mata rana ta kawo sauran bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya.

Bayan sati uku takardar ta iso a akwatin wasiƙu na bakin titi. A nan ta buɗe ta, a tsaye cikin yayyafi. Dama talatin da ɗaya, hagu ashirin da bakwai, jimla hamsin da takwas. Judith ta riga ta faɗa mata cewa Labrado mai kyan ƙashi ba ya wuce goma sha 'yan kai. Ta ninke takardar ta sa a aljihun rigar ruwa, ta taka har gida, Monty yana gabanta yana kaɗa wutsiya da jarida a bakinsa.

Na sauran ma suka biyo baya, ba daɗi. Uwar Nugget ashirin da tara. 'Ya'yan Monty mata biyu da ta ajiye don iri, ɗaya talatin da shida, ɗaya arba'in da ɗaya. A cikin karnuka takwas guda ɗaya ce ta fito tas, ita ce kuma wadda ba wanda ya taɓa kallo sau biyu. Biddy sunanta, jikar wata tsohuwar karyar Frank ta wani reshe daban, mai dogon baki da sirirun ƙafafu da wutsiya mai lanƙwasa. Tana kwikwiyo masu saye suka yi ta tsallake ta har ta girma a gidan, ta zama mai raka Stan shago. Makinta uku da huɗu. Stan ya yi dariya har da hawaye, ya ce dama shi ya san a gidan nan marasa kyau su ne masu ƙwari, shi ya sa ya daɗe.

Aka yi wa Monty fiɗiya. Daga nan Noreen ta ɗauko littafin da take rubuta kowace haihuwa da inda kowane kwikwiyo ya tafi, ta zauna a teburin kicin bayan tatsar safe tana rubuta wasiƙu da hannu. Sittin da uku ta rubuta cikin kwana tara. Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta faɗi makin Monty, ta ce a kai kare a ɗauki hotonsa idan ya cika shekara, kada a bar shi ya yi ƙiba, kada a bar shi yana dirowa daga bayan mota, kada kuma a haɗa shi barbara sai an ga makinsa. Ta ce ba ta sani ba a da, yanzu ta sani, shi ya sa ta rubuto.

Amsoshin suka zo iri-iri. Wani mutum daga Colac ya bugo waya ya wanke ta tas, ta riƙe kan wayar tana ji har ya gaji. Da yawa ba su amsa ba sam. Wata malamar makaranta daga Hamilton ta aiko da kati da hoton karyarta a bakin teku, ta ce an duba, makinta tara, kuma ba ta taɓa samun wasiƙa irin wannan daga mai sayar da komai ba. Cikin ashirin da huɗu da aka kai hoto, takwas ne abin ya kama sosai. Beryl ta daina yi mata magana. A bajekolin shekarar Noreen ta je da kek kawai, ba kare, ta lura idan ta doso rumfar karnuka sai hira ta mutu. Wasu suna ganin ta tona wa kowa asiri ne, don yanzu masu saye sun fara tambayar maki, abin da da ba sa yi.

Shi kuwa Nugget, Judith ta ce ba sai an yi masa aiki ba tukuna. A rage masa nauyi, a ba shi magani idan sanyi ya tsananta, sannan ya riƙa iyo, don ruwa yana gina tsoka ba tare da ya nauyaya wa gaɓa ba. Noreen ta ce ga dam ɗin shanunta nan a bayan rumfar ciyawa. Stan ya zuba tsakuwa ya yi gangare mai sauƙi a gefe ɗaya. Kullum da la'asar sai ga Merv da Nugget, shi yana jefa ƙwallo, kare yana bi, Monty ma ya shiga don ba ya ganin ruwa ya ƙyale. Hana burodi da man shanu ne ya fi ba su wahala. Merv ya ce ba zai iya ci kare yana kallonsa ba, saboda haka shi ma ya daina, wandonsa har ya fara zamewa. Cikin wata shida gudun zomo ya ragu, Nugget yana tashi da kansa, Stan kuma ya ƙera musu ɗan tsani na katako don hawa mota. Mutum uku daga cikin waɗanda ta rubuta wa wasiƙa suka ji labari suka fara kawo nasu ranar Asabar. Nugget ya shekara goma sha ɗaya, ya riga Merv tafiya da wata biyar kawai.

Saura maganar iri. Biddy tana da ƙashi, amma ba namijin da za a haɗa ta da shi a duk yankin wanda ba jinin Monty a jikinsa. Judith ce ta samo labarin wani mai kiwo a arewacin tsibirin Tasmania da ya shekara goma yana ɗaukar hoton karnukansa. A kakar 1995 Noreen ta bar wa Stan shanu, ta hau jirgin ruwa da motarta, karon farko da ta tsallaka teku. Mutumin ya fito mata da wani matashin kare mai wata goma sha takwas, Huon, ya fara yabon kansa da ƙirjinsa. Ta ce ya bar wannan, tana da ido, takardu take son gani. Ya kawo na karen, biyu da uku. Ta ce na uwa da uba fa? Ya kawo. Ta ce na kakanni? Mutumin ya dube ta ya ce tunda yake ba a taɓa yi masa irin wannan titsiye ba, ko lokacin da ya je neman aure. Ya shiga ɗaki ya kwaso fayil guda. Sai da ta karanta shi tsaf, sannan ta biya kuɗi, ta sauke murfin bayan motar ta ce karen ya hau, a hankali.

Biddy ta haifi bakwai. Noreen ta ajiye uku, ta jira su cika shekara, jiran da ta ce ya fi na cikin fari tsawo. Makin ya zo, ɗaya shida, ɗaya tara, na ukun talatin da huɗu. Wannan na ukun ya kusa sa ta jefar da komai. Ta shiga asibitin da takardar a hannu ta ajiye a gaban Judith, ta ce uwa bakwai, uba biyar, daga ina wannan ya fito? Ashe duk wahalar banza ta yi?

Judith, wadda zuwa lokacin ta daina ce mata Misis Tolhurst, ta ce, "Nor, ban taɓa ce miki hoto laya ba ne. Abin ba daga wuri ɗaya yake fitowa a jini ba, yana iya tsallake uwa da uba ya faɗo kan jika. Da can cikin uku nawa kike samu masu kyau? Yanzu biyu. Ki ajiye biyun, ki sake, ki kuma sakewa. Rijiya ba a haƙa ta rana ɗaya."

Noreen ta ce wato aikin shekara ashirin ne. Judith ta ce ƙila ya fi. Noreen ta ce to gara da ta fara da sauran ƙarfinta.

Haka ta yi ta yi. Mai talatin da huɗun aka yi masa fiɗiya aka ba wani ma'aikacin gidan waya, tare da cikakken bayani da gayyatar zuwa dam. Duk kwikwiyon da zai bar gonar, sai mai saye ya zauna a kicin ya ga takardun uwa da uba, ya ji huɗubar ƙiba da tsalle, ya kuma yi alkawarin kawo shi hoto idan ya shekara, ko da ba za a yi iri da shi ba, don ta san abin da jininta yake fitarwa. Wasu suna ganin ta cika tsanani, su tafi wani wuri. Waɗanda suka zauna kuwa su suka riƙa turo 'yan'uwansu. Karnukanta na wannan zubin ba su kai Monty kyau ba, dogon bakin Biddy ya bi su har jikoki, ba ta kuma sake cin kofi ba sai sau ɗaya. Monty da kansa ya tsufa a gaban murhu, sai da ya shekara tara ciwon ya cim masa, ya rayu har sha biyu.

Ana nan sai ƙungiyar masu kiwo ta ƙasa ta sa doka cewa ba za a yi wa 'yan kwikwiyon Labrado rajista ba sai an ɗauki hoton iyayensu. Waɗanda suka yi ta ɓoye hotuna a ƙasan akwati suka rasa tudun dafawa. Wata ranar Talata Noreen tana wanke bokitan madara sai ta ji mota, ta leƙo ta ga Beryl ta fito da faranti a rufe da tawul. Shekara biyar ke nan ba su yi magana ba. Beryl ta ajiye farantin a kan teburi ta ce kek ɗin lemo ne, ta san Noreen ba ta taɓa iya shi ba. Ta zauna, ta gyara jaka, ta sake gyarawa, sannan ta ce tana da wata karya mai maki takwas, ita kaɗai ta tsira a gidanta, tana neman namiji.

"Kin zo da takardarta?" in ji Noreen.

"Ke dai ba ki da kunya. Shekara hamsin da sanina za ki tambaye ni takarda?"

"Ko Fafaroma ne ya zo da karya sai na gani."

Beryl ta buɗe jaka ta fito da ita, dama tana ciki. Suka ci kek ɗin, Noreen ta ce ya yi zaƙi da yawa, ta ƙara yanka na biyu. Ba wadda ta ba wata haƙuri, kuma ba wadda ta jira a ba ta.

Stan ya rasu a 2011. Noreen ta sayar da shanun bayan shekara biyu, amma ta ci gaba da karnuka har ƙafafunta suka fara gajiya da laka. Cikin haihuwa goma sha ɗaya na ƙarshe da aka yi a gonar, kare biyu ne kawai makinsu ya haura ashirin. Huɗu daga cikin jikokin Biddy wata ƙungiya mai horar da karnukan ja-gorar makafi ta ɗauka, ɗaya yana Ballarat yana kai wani mai gyaran piyano wurin aiki, mutumin kuma duk Kirsimeti sai ya aiko mata da kati da rubutun matarsa.

Da lokacin barin gonar ya yi, 'ya'yanta biyu suna Perth da Brisbane, ba mai sha'awar kiwo. Wadda ta karɓi karnukan da fayil-fayil ɗin takardu ita ce Kerry, 'yar Beryl ta biyu, ma'aikaciyar jinya mai 'ya'ya uku da fili a Noorat. Beryl ta ce wannan shi ne fashi da rana tsaka, ta haifi 'ya ta raine ta, Noreen Gleeson ta zo ta gaje ta.

Yanzu Noreen tana wani ƙaramin gida a cikin Terang kusa da filin ƙwallo, ita da wata tsohuwar karya mai suna Pearl da ba ta ji sosai. Shekararta saba'in da tara. A watan jiya Kerry ta biyo da takardar wata matashiyar karya da suka sa wa rai, maki biyu da biyu, gwiwoyin gaba ma lafiya, don yanzu har su ake ɗauka. Noreen ta sa tabarau ta karanta har ƙasa, ta ce ba laifi. Kerry ta ce akwai wani namiji a Gippsland da take so su je su gani tare idan an shiga bazara, tafiyar awa biyar ce, ko Anti Nor za ta iya? Noreen ta ce a gaya wa mai karen ya tanadi takardun kakanni, kuma a tsaya a Colac a dawowa, akwai shagon da take son cin fanken nama a ciki.